Muryar da Ta Yi Shiru Shekaru Dubu Arba'in

A shekarar 1856, masu fasa dutse a kwarin Neander da ke ƙasar Jamus suka tono wasu ƙasusuwa masu kama da na mutum, sai dai ƙoƙon kan dogo ne, goshin kuma na da tudu a saman idanu. Daga sunan kwarin aka laƙaba wa masu ƙasusuwan suna Niyandatal. Sun zauna a Turai da yammacin Asiya, suna farauta, suna sarrafa wuta, suna sassaƙa makaman dutse, har suka shuɗe kimanin shekaru 40,000 da suka wuce. Tambayar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ita ce: shin sun yi magana?

Wahalar amsar a fili take. Harshe da leɓɓa da maƙogwaro duk tsoka ce, ƙasa na cinye su, ƙashi kaɗai ke saura. To, ta yaya za a ji muryar wanda gaɓoɓin furucinsa suka ruɓe?

Mai karatu ya dubi algaita. Bakinta ne ke karkarwa, amma tsawon bututun da faɗinsa su ke ba sautin kamanninsa. Haka abin yake ga mutum: tantanin maƙwallato na karkarwa, sannan hanyar da iska ke bi daga maƙogwaro zuwa leɓɓa ta tace sautin. Ɗalibi ya furta gida, gada, guda, ya lura da yadda harshensa ke sauya wuri. Idan aka san tsawon wannan hanya da siffarta, kwamfuta na iya lissafa wasulan da za su fito daga cikinta.

Wannan ne Philip Lieberman da Edmund Crelin suka yi a Amurka a 1971. Sun ɗauki ma'aunin ƙoƙon kan wani Niyandatal da aka tono a La Chapelle-aux-Saints ta Faransa a 1908, suka kintaci inda maƙwallatonsa yake, suka ba kwamfuta. Sakamakon ya nuna cewa maƙwallaton na can sama kamar na jariri, don haka ba zai iya furta wasulan a, i da u sosai ba. Waɗannan uku kuwa su ne ginshiƙan wasula a mafi yawan harsunan duniya. A 2008, Robert McCarthy na wata jami'a a jihar Florida ya bi wannan sawu, har ya sa kwamfuta ta fitar da sautin wasali guda don jama'a su saurara.

Sai dai abin da ka shuka shi za ka girba. Kwamfuta ba ta taɓa ganin Niyandatal ba; ma'aunin da aka ba ta shi take lissafi a kai. Masana da dama sun ce an kuskure wajen harhaɗa gindin ƙoƙon kan. A 2002, Louis-Jean Boë da abokan aikinsa a Faransa suka gudanar da nasu lissafin, suka ce ko da maƙwallato na sama, motsin harshe da leɓɓa na iya cike giɓin. Lieberman bai amince ba, muhawara ta ci gaba.

Ana cikin haka, sababbin shaidu suka riƙa bayyana. A 1983 aka tono wani ɗan ƙaramin ƙashi a kogon Kebara da ke Isra'ila, wanda tushen harshe ke maƙale da shi. Shekarunsa sun kai 60,000, kuma siffarsa kusan ɗaya ce da tamu. A 2013 aka leƙa cikinsa da na'urar hoto mai ratsa ƙashi, aka ga saƙar cikinsa ma ta yi kama da ta mutanen yau. A 2007 kuma, bincike kan ƙasusuwan kogon El Sidrón na Sifen ya nuna cewa ƙwayar gado mai suna FOXP2, wadda lalacewarta ke kawo matsalar furuci, tana ɗauke da sauye-sauye biyu irin namu.

Bugu da ƙari, an waiwayi kunne, domin ramukansa na cikin ƙashi, ba su ruɓe ba. A 2021, Mercedes Conde-Valverde da tawagarta a Sifen suka sake gina kunnuwan Niyandatal biyar cikin kwamfuta, suka gano cewa zangon jinsu ya yi daidai da namu, har da siraran sautuka irin na s, f da t. Duk wanda ya yi hira cikin hayaniyar tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ya san waɗannan sautuka ne ke fara ɓacewa, ma'ana ta bi su. Kunnen da ke kama su ya dace da sauraron magana.

Ko da Lieberman ya yi daidai, ƙarancin wasula ba ya hana harshe. Harshen Ubik na yankin Kokesas, wanda mai jinsa na ƙarshe ya rasu a 1992, wasula biyu ne da shi, da baƙaƙe kusan 80. Hausa ma na da nata darasin: kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu da wasulansu ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su, kuma karin sauti daga maƙwallato yake fitowa, ba daga matsayin harshe ba.

Saboda haka, shaidu sun rinjaya ga cewa Niyandatal na da kayan furuci da na ji. Amma kalmomi da nahawu a ƙwaƙwalwa suke, ba sa barin sawu a jikin ƙashi. Duk sa'ad da ɗalibi ya ji an ce ga muryar Niyandatal, ya fara tambaya: wane ma'auni aka ba kwamfutar, kuma daga wane ƙashi aka ɗauko shi?