Aikin Kammalawa a Digirin Gamayyar Fannoni na Amurka

A jami'o'in Amurka akwai wani digiri na biyu da ba ya ɗaure ɗalibi ga fanni guda. Mutum na iya karanta tarihi a wannan zango, falsafa ko adabi a na gaba, ya haɗa da kimiyya. Jami'ar Wesleyan ce ta fara shi a 1953, Johns Hopkins ta bi sahu a 1962. Galibin masu yin sa ma'aikata ne da ke zuwa aji da yamma ko lokacin hutu.

Sai dai wannan 'yanci yana da sharaɗi. A yawancin jami'o'in, kafin a ba ɗalibi shaida, dole ya gabatar da aikin kammalawa, wanda zai nuna cewa darussan da ya tsinto nan da can sun haɗu sun amsa tambaya ɗaya. Tsintsiya sai da maɗauri take shara.

Siffar aikin ta danganta da jami'a. A Dartmouth da Stanford kundin bincike ake rubutawa. A Duke ɗalibi kan gama darussa tara, sannan ya yi aikin ƙarshe, wanda kan iya zama bincike ko aikin fasaha, kamar gajerun labarai, tare da sharhin da ke bayyana tushensa na ilimi. Wasu jami'o'in kan karɓi tarin rubuce-rubucen da ɗalibi ya yi a baya, in ya gyara su ya kuma bayyana abin da ya haɗa su.

Matakan kuwa kusan iri ɗaya ne. Ɗalibi zai nemi malamin da zai duba aikinsa, ya rubuta takardar ƙuduri mai ɗauke da tambayarsa, hanyar bincikensa da littattafan da zai dogara da su. Sai an amince da ita zai fara. Idan binciken ya shafi yi wa mutane tambayoyi, yawanci sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba da izini. A wurare da dama kuma akan kammala da gabatar da aikin da baki a gaban malamai.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar batu mai faɗi, ko jinkirta neman mai dubawa har zangon ƙarshe. Don haka, mai sha'awar wannan karatu ya karanta ƙa'idojin jami'arsa tun ranar rajista, ya tsai da tambayarsa da wuri, ya kuma zaɓi darussan da za su taimaka masa wajen amsa ta.