Harajin Coci a Jamus da Damin Liman a Unguwar Ya

A Jamus, wanda sunansa ke cikin rajistar cocin Katolika ko na Furotesta, hukumar haraji ce ke cire masa kuɗin coci daga albashinsa: kashi 8 cikin ɗari na harajin da yake biya a Bavaria da Baden-Württemberg, kashi 9 a sauran jihohi. Kundin tsarin mulkin 1919 ne ya ba tsarin gindin zama, na 1949 ya gaje shi. Da kuɗin ake biyan fada da fasto a kan kari, a gyara gine-gine. Amma mutum na iya zuwa ofishin hukuma ya sa hannu ya fice, harajin ya sauka daga kansa. A 2022 kaɗai 'yan Katolika sama da 520,000 suka yi haka, shi ya sa ake haɗe majami'u wuri ɗaya, wasu ma a sayar.

A ƙauyuka irin su Unguwar Ya, a yankin Birnin Kudu da Gwaram, ba wanda ke cire wa kowa sisi. Liman manomi ne kamar kowa. Da kaka a kai masa damin gero ko dawa, da ƙaramar Sallah zakkar kono, ranar suna ko ɗaurin aure a sa masa ɗan abin goro. Faston ƙaramar majami'a a karkarar Hausa ma da baikon Lahadi yake rayuwa. A nan imani bai yi sanyi ba. Abin da ke rage sahu shi ne cin rani, samari su nufi Kano ko Kudu, a bar masallaci ga dattawan da ba su da abin bayarwa.

Na fi son namu ta fuska ɗaya: wanda ya kawo damin shi ne ke tsaye bayan liman da asuba. A Jamus mutum na iya shekara goma yana biya, fasto bai san fuskarsa ba. Sai dai namu na bar malami a hannun damina da masu hannu da shuni. Limamin da ɗan siyasa ya saya wa lasifika da janareta, yaya zai yi huɗuba kan amanar dukiyar jama'a? Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Masarautar Dutse, wadda yankin nan ke ƙarƙashinta, ta daɗe da kwamitin zakka mai tara hatsi gunduma-gunduma. Da za a ɗora wakafi a kan wannan, kowane masallacin Juma'a ya samu gona tasa, matasa su nome ta da gayya kafin su tafi, da liman ya ci daga rumbun da ba na mutum ɗaya ba.