Esin motarka ya daina sanyi? Tsaya tukuna kafin ka ce a ƙara gas

Yau batun mota za mu taɓa. Daga Maris zuwa Mayu, zafi a nan yankin namu na Ƙofa, Kusada da Kankiya yakan kai digiri 40, kuma a daidai lokacin ne esi ke cin amanar mutane. Ka hau titin Kano zuwa Katsina da tsakar rana, ka danna maɓalli, sai iska mai ɗumi ta bugo ka. Maganar da kowa zai faɗa maka ita ce, ai gas ne ya ƙare.

To, ku saurara da kyau: gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ƙonewa yake yi ba. Zagayawa yake a rufaffen bututu. Kwamfireso ya matsa shi, kondensar da ke gaban lagireto ta fitar da zafinsa, ya wuce cikin dashbod ya tsotse zafin iskar da ke cikin motar, ya sake komawa. In ya ragu sosai, akwai inda yake yoyo. Wanda ya cika maka ba tare da ya nemo wurin ba, kuɗinka ya zuba a kwando, bayan 'yan makonni za ka dawo masa. Abin da ya fi ciwo, man da ke shafa kwamfireso tare da gas ɗin yake tafiya. Ka yi ta kunna esi a haka, wata rana kwamfireson ya cije, ka kama hanyar Ƙofar Ruwa a Kano neman wani, alhali da farko ƙila wata 'yar robar mahaɗa ce kawai ta tsufa.

Kafin ka je gareji akwai abin da za ka duba da kanka. In iskar tana da sanyi amma da ƙyar take fitowa, zargi matatar iska. A motoci da yawa irin su Corolla tana bayan akwatin gaban fasinja, kuma ƙurar hunturu da muka sha tun Disamba duk a can ta kwanta. In kuwa esin na sanyi kana gudu, da ka tsaya a kasuwa ko a gosulo ya ɗauke, to duba fanka ko tana juyawa, ka wanke kondensar da ruwa ba mai ƙarfi ba, don haƙoranta saurin lanƙwashewa gare su. Sannan ka buɗe bonet, wani ya kunna maka esin. Tsofaffin motoci za ka ji ƙas, alamar kwamfireso ya kama. Ba ka ji ba? Ana iya samun fis ne ya ƙone, ko gas ɗin ya yi ƙasa har motar ta hana shi tashi. Taɓa bututun nan mai kauri, amma ka nisanci fambel da fanka. In komai lafiya zai yi sanyi har da zufa. Duk mahaɗar da ka ga maiƙo ya tara ƙura, nan ne ake fara neman yoyo.

A garejin ma kada ka ji kunyar tambaya. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet mai nuna irin gas da nauyinsa, ƙananan motoci galibi kusan rabin kilo. Mafi yawan motocinmu R134a suke sha. Shi ya maye gurbin R12 da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina, sababbi kuma R1234yf ne. Ba a haɗa su. Makaniken da ya san aikinsa zai gwada da ruwan kumfa ko ruwan kala ya gano yoyon, ya toshe, ya zuƙe iska da danshi da inji, sannan ya auna ya zuba. Cikawa fiye da kima ma rage sanyi yake yi.

Kuma don Allah, duk arahar da aka yi maka, kada ka yarda a ɗura maka gas ɗin firij ko na girki. Na girki da irin na sababbin firij, R600a, wuta suke kamawa, kuma bututun esi ta cikin dashbod ya bi, daidai gwiwar yaran da ka ɗora a gaba.