Me Ya Hana Masu Ra'ayin Riƙau a Amurka Gamsuwa da 'Yan Takararsu?

A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Republican na 2012, masu ra'ayin riƙau sun shafe watanni suna neman wanda zai kayar da Mitt Romney. Sun karkata ga Rick Perry, sannan Herman Cain, sannan Newt Gingrich, kafin su koma ga Rick Santorum, wanda ya lashe jihar Iowa da ƙuri'u 34 kacal. Tushen wannan kai-komo shi ne rashin yarda tsakanin talakawan jam'iyya da manyanta. Romney ne ya sa hannu kan dokar inshorar lafiya ta jihar Massachusetts a 2006, wadda ta yi kama da tsarin Shugaba Obama da suke adawa da shi, kuma ya taɓa goyon bayan 'yancin zubar da ciki kafin ya sauya baki. Mai wannan tarihi, a ganinsu, ba zai riƙe amanar aƙidarsu ba.

Wasu za su ce ƙorafi irin wannan al'ada ce, tunda daga ƙarshe mafi yawansu sun zaɓi Romney. Haka ne, amma don gudun Obama suka yi, kuma da Romney ya sha kaye a babban zaɓe da ƙuri'un wakilai 206 a kan 332, fushin ya ƙaru. A 2016 suka tsallake gwamnoni da sanatoci, suka miƙa tuta ga Donald Trump, wanda a lokacin bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba. Jam'iyyar da ta toshe kunne ga koken magoya bayanta, wata rana za su ƙwace ragamarta.