Hunturu, Wasanninsa Da Hatsarinsa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kankiya ko Kusada ya sani babu lokacin da ƙauye ke da daɗin zama kamar bayan kaka. An yanke gero da dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, manomi ya rataye fartanya ya sami sararin hutawa. Daidai wannan lokaci ne iskar hunturu ke saukowa, tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Fabrairu.

Ita wannan iska daga arewa maso gabas take busowa, watau daga hamadar Sahara. Ƙurar da take tafe da ita, wadda muke kira hazo, da yawanta daga wani busasshen kwari take tashi a ƙasar Chadi, ana ce da shi Bodele. Iskar ba ta da laima ko kaɗan, shi ya sa leɓe ke tsagewa, diddige ta yi faso. Da dare kuwa, zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya fice sama, don babu gajimare da zai rufe shi kamar bargo. Saboda haka a watan Janairu ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 13 da asuba, wani lokaci ma ƙasa da 10.

Da hutu da ƙoshi da sanyin gari, sai wasa ya tashi. 'Yan dambe, waɗanda asalinsu mahauta ne, sukan bi garuruwa da makaɗansu. Samari su yi kokawa da langa a dandali, 'yan mata su yi gaɗa a farin wata, Filani su yi sharo ran kasuwa. Masu karnuka su yi gayyar farauta. Tsofaffi su tara jikoki a bakin murhu ana tatsuniya, almajirai kuma su kewaye wutar kara da allunansu, ita ce fitilarsu, ita ce bargonsu.

To, ba mu kaɗai ke wasa da sanyi ba, kuma akwai abin koyo ga waɗanda sanyinsu ya fi namu. A ƙasashen Turawa ma'auni yakan wuce sifiri, inda ruwa ke daskarewa, sai dusar ƙanƙara ta riƙa zuba tana lulluɓe ƙasa fari fat kamar an shanya auduga. A kan duwatsu abin ya fi tsanani, gama duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Duk da haka can suke zuwa shaƙatawa. Sukan ɗaura katako biyu dogaye sirara a ƙafa, su riƙa sulalowa daga gangare da gudu kamar sukuwar doki. A 1924 aka fara babbar gasar duniya ta irin waɗannan wasanni a Shamoni, cikin duwatsun Alps na Faransa.

Amma wasan nan da rai ake yinsa. Wani lokaci ƙanƙarar da ta taru a gangare takan zaftaro gaba ɗaya, kamar yadda tsohuwar katanga ke zubewa da damina, ta binne abin da ta tarar. A sanyin 1950 zuwa 1951 irin wannan ta kashe fiye da mutum 200 a duwatsun Alps. Wanda aka tono cikin minti 15 galibi akan same shi da rai, bayan haka kuwa sai wanda Allah ya nufa da sauran kwana. Don haka suka yi wa wasan doka. Tun 1993 ƙasashen Turai suka kasa hatsarin zaftarewa mataki 5, ana shelarsa kullum, mai hawa ya duba kafin ya fita. A gandun Yellowstone na Amurka, wanda aka keɓe tun 1872, akan rufe yawancin hanyoyi ga motoci da sanyi, masu shiga ciki galibi sai da jagora. Ba su bar wasa ba, sun dai san maƙiyinsu, sun yi masa shiri.

Mu fa, wane ne maƙiyinmu? Sanyinmu bai kai ya daskarar da ƙato ba. Abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne maganin da muke yi wa sanyin, watau wuta. Ku duba gida a ƙauye cikin hunturu: darni na kara, jinka ta ciyawa, zana, harawa a kan rumfa, rumbu cike da hatsi, kome ya bushe ƙayau, ga iska tana kaɗawa. Tartsatsi guda ya isa ya cinye unguwa, noman shekara ya zama toka kafin a jawo guga goma. Yawanci kuwa daga ƙaramin abu take tashi: kaskon wuta da tsohuwa ta tura ƙarƙashin gado, ko wutar jin ɗumi da yara suka watse suka bari, ko hitar ruwa da aka manta a jone aka kawo wuta da tsakar dare, ko daji da mafarauta suka cinna don kama gafiya.

Akwai kuma wadda ta fi gobara makirci. Garwashi in yana ci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, yana fid da wata iska mai dafi, ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce kuma ke fita daga janareto. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da rai ke bukata. Farkonta ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin kome, sai dai a wayi gari a tarad da shi. Wanda aka samu a wannan hali, a fid da shi waje nan da nan, a kai shi asibiti.

Ga abin da ya kamata kowane yaro ya haddace kamar karatun allo. A ɗumama ɗaki, sa'an nan a fid da kasko waje kafin a kwanta. Wanda ya hura wuta shi zai kashe ta, da ruwa ko da ƙasa. Kada a bar mai rarrafe kusa da murhu. In riga ta kama wuta kada a sheƙa da gudu, gudu fifita ne, a kwanta a yi birgima, a lulluɓe mutum da bargo. Ƙuna kuwa a yi ta zuba mata ruwa mai sanyi har minti 20, ban da manja, ban da toka. Jariri da tsoho su ne sanyi da ƙura ke kamawa a ƙirji, in aka ga yaro yana tari yana numfashi da sauri, ba mura ba ce da za a jira ta wuce. Mai tuƙi a hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta ratsa Kankiya, ya kunna fitila ya rage gudu ran da hazo ya sauka.

'Yan'uwa, gobe mu ne za a raba cikin makarantun waɗannan garuruwa. Yaron da ya ji wannan a aji zai kai shi gida, ya gaya wa kakarsa mai kasko. Kada mu hana su langa da kokawa, gama su ke ƙarfafa jiki, mu dai haɗa musu wasan da sanin hatsarinsa tun kafin iska ta juyo. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyashe mu, ya nuna mana damina lafiya, amin.