Matsalar Modem a Manhajar Linux

Modem na layin tarho na'ura ce da ke juya bayanan kwamfuta su zama sauti, domin su bi wayar tarho, da saurin da bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. A ƙarshen shekarun 1990, an yawaita ƙera masu araha da ake kira Winmodem, waɗanda manhajar Windows ke yi musu rabin aiki. Da yake kamfanoni sun ɓoye sirrin sarrafa su, Linux ba ta iya gane yawancinsu ba, mai su ya rasa intanet. Mafita ita ce modem na waje, wanda ake jonawa ta kafar siriyal. Daga nan shirin wvdial zai gano shi, ya buga lambar kamfanin intanet, ya ƙulla haɗi.