Jiƙon Kwalba: Maganin Da Kunya Ke Yi Wa Talla

Duk wanda ya taɓa sauka a wata babbar tashar mota a Ikko ko Badun da sassafe ba zai rasa ganin matan nan masu ɗauke da daro cike da kwalabe ba. A cikin kowace kwalba akwai sassaƙe da saiwoyi da aka jiƙa, wata ja, wata baƙa wuluk, wata kuma kamar ruwan tsamiya. Yarabawa na kiran wannan jiƙo agbo, wanda aka jiƙa da barasar gargajiya ta ogogoro kuwa ana ce masa paraga. Direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako su ne manyan masu saye, kuma ba sai an faɗa ba, akwai 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Agege da Idi Araba da Sabo ta Badun a cikinsu. Mai tallar takan tambayi mutum na ruwa yake so ko mai zafi, watau mai barasa, sa'an nan ta tsiyaya masa a ɗan kofi, ya kurɓe a tsaye ya wuce.

Shi jiƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni ana jiƙa sassaƙen maɗaci da na marke da ganyen sabara, 'yan dambe da mafarauta suna da tsiminsu, mata ma suna da nasu na rake da dabino da kanumfari. Amma namu galibi da ruwa ake yin sa, kuma a nan ne ya rabu da na kwalba. Akwai sinadarai da yawa a jikin itace waɗanda ruwa ba ya iya fitar da su sosai, barasa kuwa tana zuƙo su, tana kuma hana jiƙon lalacewa har tsawon watanni. Saboda haka saiwar da tsohuwa ta saba jiƙawa a tukunya a sha lafiya, in aka zuba ta a ogogoro ta yi mako biyu, abin da za a tsiyayo ya zama wani abu dabam, ko da yake sunan saiwar bai sāke ba.

Turawa ma sun daɗe suna irin wannan jiƙo na barasa, amma masu haɗa magungunansu sun sa masa ma'auni, misali kashi ɗaya na itace cikin kashi biyar ko goma na ruwan jiƙo, kuma da ɗigo ake ba mara lafiya. Labarin wani likita na Ingila mai suna Wiliyam Widarin ya isa misali. A shekarar 1775 aka nuna masa wani haɗin gargajiya na ganyaye wajen ashirin da ake ba masu kumburin jiki. Ya bincika ya gano cewa ganye ɗaya ne tak ke yin aikin. Daga nan ya shafe shekara goma yana auna yawan da ke warkarwa da yawan da ke sa amai da rikicewar bugun zuciya, kafin ya buga littafinsa a 1785. Daga dangin wannan ganye ne aka samo maganin zuciya da asibitoci ke amfani da shi har yau. Bai raina maganin gargajiya ba, abin da ya ƙara masa shi ne awo. To, awon nan shi ne babu a daron tashar mota. Kofin jiya da na yau girmansu ɗaya, amma ko mai tallar kanta ba za ta iya rantsewa cewa ƙarfinsu ɗaya ba.

Ita barasar ma abin tsoro ce, ban da hukuncinta a addini wanda kowane Musulmi ya sani, kuma kiran ta magani bai mai da ta ruwan rijiya ba. A watan Afrilu na 2015, a garin Ode-Irele na Jihar Ondo, mutane suka riƙa kamuwa da ciwon kai, idanunsu su dushe, su mutu cikin kwana guda. Mutum 18 ne aka fara ba da labarin rasuwarsu. Da farko wasu mutanen garin sun ce fushin gunki ne, daga baya hukumomin lafiya suka ce gubar metanol ce a cikin ogogoron da mamatan suka sha. Bayan wata biyu irin wannan masifa ta auka wa Jihar Ribas, gommai suka halaka, har gwamnatin jihar ta hana sayar da ogogoro. Shi metanol a ido da hanci ba a bambanta shi da barasa. Kimanin cokalin shayi biyu na iya makantar da mutum, kuma alamunsa ba sa fitowa sai bayan sa'o'i, lokacin da hanta ta riga ta juya shi ya zama gubar da ke cin jijiyar gani. Ɗacin saiwa kuwa na rufe duk wani ɗanɗanon da zai sa mutum ya yi shakka.

Haka nan ba kowace saiwa ce ke da tausayi ba. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, mata kimanin ɗari suka samu lalacewar ƙoda bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba, aka bi sawu aka tarar da wani tsiro mai suna Aristolokiya a ciki. Danginsa na fitowa a ƙasar nan, masu magani kuma suna amfani da su.

Amma mai karatu, tambayar da ta fi damuna ita ce, me ke kai magidanci mai hankali, wanda ba ya ko shan taba, ga wannan kwalba? Wasu zazzaɓi ne, wasu ciwon baya, wasu basir. Sai dai duk wanda ya saurari masu tallar magani da lasifika a kasuwanninmu ya san hajar da ta fi tafiya, watau maganin ƙarfin maza. Kuma shi wannan magani ba ciwo ne kaɗai ke sayar da shi ba, kunya ce. Mutum zai gaya wa abokinsa an sace masa kuɗi, zai gaya masa bashi ya yi masa katutu, amma ba zai taɓa ce masa ya fara gazawa a wajen iyalinsa ba. Likita ma bai isa ya ji ba. Gara ya je inda ba a san shi ba, ya nuna kwalba da yatsa, ya biya, ba wanda ya tambaye shi sunansa. Masu tallar sun gane wannan sarai, shi ya sa suke fara tsoratar da mutum kafin su nuna masa hajarsu, suna zayyana wa matasa wasu ƙa'idodin mazakuta waɗanda babu su a littafin likita ko ɗaya, har saurayi lafiyayye ya koma gida yana zaton shi naƙasasshe ne.

A cikin irin waɗannan haɗe-haɗe akwai sassaƙen da muke kira ɗan Kamaru, ɓawon wani itace na dazuzzukan Kamaru da maƙwabtanta. Yana da aiki, ba a musu, amma yana ɗaga hawan jini, yana sa faɗuwar gaba. Abin da ya fi wannan muni shi ne algus. A ƙasashe da dama hukumomin kula da magunguna sun sha kama abin da aka rubuta wa "tsantsar itatuwa", a auna a tarar an niƙa sildenafil a ciki, watau sinadarin ƙwayar Viagra wadda Amurka ta yarda a fara sayarwa a 1998. A asibiti ana ba da shi da awo, miligiram 25 ko 50 ko 100, bayan an tambayi mutum irin magungunan da yake sha, domin in ya haɗu da wasu magungunan ciwon ƙirji jini na iya faɗuwa warwas. Ga kuma masu amosanin jini, waɗanda muke da su da yawa, da ke cikin haɗarin miƙewar gaba mai zafi wadda ba ta kwantawa. In ta wuce awa huɗu, maganar gaggawa ce ta asibiti, amma sau da yawa kunyar da ta kai mutum ga kwalba ita ce ke zaunar da shi a ɗaki har a makara.

Alhali kuwa abin da ake ɓoyewar ba wani abin mamaki ba ne. Wani sanannen bincike da aka yi a Jihar Masacusets ta Amurka, aka buga a 1994, ya nuna cewa kashi 52 cikin ɗari na maza 'yan shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan rauni, daga ɗan kaɗan zuwa mai tsanani. Jikin ɗan hamsin ba na ɗan ashirin ba ne, kamar yadda idonsa da gwiwarsa ba su ne na da ba, ba mu kuwa taɓa jin an yi wa dattijo gori don ya sa tabarau ba. Mutumin da ya karɓi wannan a ransa ya fi samun sauƙi, domin fargaba kanta tana cikin manyan abubuwan da ke kawo gazawar, kuma kowace gazawa tana haifar da sabuwar fargaba. Da yawa daga cikin matan aure ma da za a zauna da su a yi magana ta fahimta, da an ga ba abin da maigida ke tsoro ne ke damunsu ba.

Har ila yau, likitoci na ɗaukar wannan rauni a matsayin ɗan aike. Jijiyoyin jinin wannan wuri sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka in ciwon sukari ko hawan jini ko maiƙo ya fara toshe hanyoyin jini, a nan ake fara gani, wani lokaci shekaru kafin zuciya ta yi ƙara. Wanda ya kai kukansa asibiti, abin da za a fara yi masa shi ne awon jini da na sukari, aikin 'yan mintoci. Wanda ya tafi tasha kuwa zai iya shekara uku yana kurɓar jiƙo, ciwon na ainihi yana cin sa a ɓoye.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana yi wa magungunan gargajiya rajista, kuma yana da kyau mai saye ya san ma'anar lambar. Wadda ta ƙare da harafin L tana nufin an gwada an ga maganin ba ya cutarwa in an bi yadda aka rubuta, amma ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka ce yana warkarwa, shi ya sa ake tilasta wa masu shi su rubuta a jikin kwali cewa hukumar ba ta tantance da'awarsu ba. Wannan fa ga wanda ya kai kayansa aka auna ke nan. Kwalaben cikin daro kuwa tsofaffin robobin ruwa ne da na lemo, ba lamba, ba takarda, ba ranar da aka jiƙa.